Sabitu Ya Sauka Ya Gaisa

Sabitu ya zura ƙafa ɗaya cikin wandon 'yan tseren keke, ya ja, ya ƙara ja, wando ya zo gwiwa ya cije. Yana tsaye a bayan shagon kekuna na unguwar Zahir a Makka, tsakanin tulin tsofaffin tayoyi da injin iska, ko gari bai gama wayewa ba.

"Mudir!" ya ɗaga murya. "An yi kuskure, wannan na yara ne."

"Naka ne, Baba Sabitu," Marwan ya amsa daga waje, inda yake ɗaure kekuna a kan mota. "Miƙewa yake yi. Yalla, kada rana ta same mu a hanya."

Marwan shi ne mai shagon, Mudir ke nan a Larabce, shi ne kuma kafilin Sabitu, wato da sunansa Sabitu yake zaune a ƙasar. A unguwar Misfala, nan cikin Makka, aka haife shi. Kakansa ya zo hajji daga Damagaram bai koma ba, don haka Hausar Marwan ta tsaya daidai inda kakarsa ta bar ta, sauran ya cike da Larabci.

Da ƙyar wandon ya shiga. Sabitu ya sunkuya ya dubi kansa, ya ja salati. Mutum ɗan shekara hamsin da uku, mai 'ya'ya shida a Funtuwa, har da wadda ya aurar, a ce ya fita bainar jama'a a haka? Ya ɗauko wandonsa na yadi ya ɗora a kai, ya zumbula riga har gwiwa, sannan ya kifa hular kwano a kan farar hularsa. Marwan ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe masa ƙofar mota.

Shekara goma sha bakwai ke nan Sabitu yana faci da gyaran keke a wannan shago, kuma saura kwana goma sha tara ikamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Sauran shekaru, tun saura wata biyu Marwan yake karɓar fasfonsa ya je ya sabunta. Bana shiru. Dalili kuwa wayar hannu ce. A cikinta Marwan ya ga Turawa suna hawa kekuna masu kaurin taya, suna bin hanyoyin burji ta cikin gonakin inabi, suna tsayawa gona-gona suna ɗanɗanawa.

"Ɗanɗana me?" Sabitu ya tambaya ranar da aka nuna masa.

"Abin da suke yi da inabin mana."

"A'uzu billahi!"

"La, la, namu inabi ne zalla. Halal mi'a bil mi'a, ɗari bisa ɗari."

Daga nan Marwan ya kamu. Ya zana hanya mai kilomita talatin da takwas a wani kwari da ke kudu da Ɗa'ifa, ya ce duk Asabar zai riƙa kai samarin Makka da na Jidda su hau. Sai dai tawaga tana buƙatar makanike mai bin baya a kan keke, da kayan gyara a gadon bayansa, shagon kuma ba zai ɗauki mutum biyu ba. Wani matashi ya riga ya turo bidiyonsa yana hawan dutse a tsaye kan feda, ko haki ba ya yi. Marwan ya daɗe yana kwana-kwana kafin ya iya furtawa. In Sabitu ya gama hanyar kafin kiran azahar, a sabunta ikama. In bai gama ba, to, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Suka hau tudun Hada da mota, kwana bayan kwana, birai zaune a kan katangar titi suna kallon su. Abokan Marwan uku suna baya suna ta Larabci a kan nauyin taya. Sabitu na rungume da jakar kayan aiki. Ƙarfe bakwai da rabi aka sauke kekuna inda kwalta ta ƙare. Marwan ya maƙala masa wata 'yar na'ura a kan keken, mai ƙirga tafiya da lokaci.

"Isma, ji nan, Baba Sabitu. Abu ɗaya. Kada ka tsaya. Ko wa ka gani, ɗaga hannu ka wuce."

"In sha Allahu."

"Ba in sha Allahu irin taku ba. Ta gaske."

Kafin ya gyara zama, su huɗun sun ɓace, sai ƙura.

A gaskiya Sabitu ba rago ba ne a kan keke. Ya yi shekaru yana ɗauko buhun masara daga ƙauyensu zuwa kasuwar Funtuwa a kan tsohon keken mahaifinsa, wanda birkinsa diddige ne. Wannan kuwa ko nauyin bokitin ruwa bai kai ba. Tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, iska mai sanyi na shiga rigarsa tana kumbura ta. Hagu da dama rumfunan inabi ne a kan matakalan dutse, 'ya'yan sun yi baƙi sun rinjayo. Sai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ban-ruwa ya buge shi. Shekara goma sha bakwai tsakanin siminti da otal-otal, ya manta ƙasa tana da ƙamshi. Kewar gida ta kama shi, har sai da ya rage gudu.

A kilomita na huɗu ya hango dattawa biyu a gindin rumfa suna tsince inabi cikin kwanduna. Ya tuna umarni, ya ɗaga hannu. Hannu ya tashi sama kam, amma ƙafa ta riga ta sauka ƙasa.

Ba laifinsa ba ne. A garinsu mai keke ba ya wuce dattijo yana bisa sirdi. Sauka ake yi, a tura, a gaisa, sai an ba da baya a hau. Abin ya shiga jikinsa tun kafin ya iya karatun Fatiha, kuma a Makka bai taɓa zama matsala ba, tunda gyara keke yake yi, ba hawa ba.

"Salamu alaikum. Allah ya ba da ƙarfi," ya faɗa da Larabcinsa na kasuwa.

Dattawan suka miƙe. Nan fa gaisuwa ta haɗu da gaisuwa. Shi ya tambayi gida da iyali da gajiya, su suka tambayi lafiyarsa da ta 'ya'yansa da ta mutanen ƙasarsa baki ɗaya. Ya tambayi ruwan bana, suka tambayi zafin Makka. Da aka kai ƙarshe aka sake ɗaukowa daga farko, don ba wanda yake son a ce shi ya fara gajiya. Gahawa finjali uku, dabino biyar, da curin inabi da aka cusa masa a jaka yana cewa a'a. Da ya hau, na'ura ta nuna minti ashirin da biyu sun tafi.

Ya rantse a ransa ba zai ƙara ba. Ya ƙara a kilomita na tara, ya ƙara a na goma sha huɗu, inda wani mai gona ya haɗa masa da rumman guda shida. Jaka ta yi nauyi, inabin ƙasa ya fashe a kan sifana, ruwansa na bin gadon bayansa yana danƙo, ƙudan zuma biyu suka ɗauki aikin rakiya.

Sai dabara ta zo masa. Ai sai ka ga mutum gaisuwa take hawa kanka. Ya kafa ido a kan tayar gaba, ya ƙi ɗagowa. Wallahi dabarar ta yi aiki, kilomita bakwai cur bai ga kowa ba, har da akuyar da ke kwance a tsakiyar hanya. Akuya ta tsira. Shi ya tashi daga cikin kwalbati da ƙujewa a gwiwar hannu, ya duba keken Marwan kafin ya duba jikinsa.

Duk da haka, da ya kai kilomita ashirin da tara, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar ne kawai. Saura tara, ga fiye da awa guda a hannunsa. Ya yi hamdala a fili. Har ya fara tsara yadda zai ba Nuriyya, matarsa, labari a waya.

Yana shan kwana ya ga tsohon. Yana tsaye a tsakiyar hanya riƙe da baro, akwatin inabi uku a kai, tayar baron ta kwanta flat a ƙasa. Siririn tsoho ne mai ɗaure da ɗamara, gemunsa ya yi futu-futu da ƙura. Sabitu bai ma yi gardama da ƙafarsa ba.

Bayan gaisuwa tsohon ya ce sunansa Abu Nawaf, gidansa ga shi can, taku hamsin. Ya nuna gemunsa.

"Ka ga wannan? Wasu shaiɗanu huɗu ne suka wuce ɗazu, tsirara, da kwano a ka. Ko sallama. Na kauce musu, taya ta hau ƙaya."

"Allah ya shirye su," in ji Sabitu, yana gyara rigarsa ta rufe gwiwa sosai.

Idonsa na kan tayar. Mai faci ya ga taya a kwance ya wuce? Ya durƙusa, ya zazzage inabi ya tono kayan aiki, ya ciro tiyub, ya tofa yawu ya gano hujin, ya goge, ya shafa gam, ya manna. Minti bakwai baro ya miƙe. Tunda abin ya zo nan, ya tura masa har ƙofar gida, tsohon na biye da shi riƙe da keken.

"To, Baba, ni zan wuce. Ana jira na."

Abu Nawaf ya cafke masa wuyan hannu. Tsoho ne, amma riƙon na manomi ne.

"Ka wuce ina? Abincin rana a nan."

"Allah ya saka da alheri, wallahi sauri nake yi."

"Ka sauka daga kan abin hawanka don ni, ka durƙusa a ƙasata, ka tafi da yunwa? Me zan ce wa mutanen kwarin nan? Nawaf! Kamo ɗan akuyan nan!"

"Baba, don Allah, aikina ne..."

Tsohon ya ɗaga yatsa sama, muryarsa ta cika kwarin.

"Matata ta saku in ka bar gidan nan ba ka ci naman akuyata ba!"

 Sabitu ya sha jin labarin irin wannan rantsuwa ta mutanen duwatsu, yana ɗauka raha ce ta masu shayi. Nawaf, ɗan tsohon, ya fito daga garke, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, sa'an Sabitu, ya dafe kai da hannu biyu.

"Yuba! Ka sake?"

Sabitu ya ja shi gefe ya rage murya. "Ɗan'uwa, wannan magana ai ta baki ce kawai, ko?"

"Da ma." Nawaf ya share zufa. "Sau biyu yana yi baƙo na tafiya. Na farko mai sayen rumman ne, na biyu ma'aikacin wutar lantarki. Duka biyun malamin garin nan ya ce sun ƙirgu, don ya tambaye shi niyyarsa, shi kuma taurin kai ya hana shi cewa wasa yake. Igiya ɗaya ta rage. Shekararsu hamsin da huɗu tare."

Taga ta buɗe kaɗan, muryar tsohuwa ta fito, tsaf da ita. Khalida ce, matar gidan.

"Ɗana, hau kekenka ka tafi abinka! Ka tafi in huta da wannan tsoho da bakinsa!"

Sabitu ya ji sanyi a ransa, ya kama keke. Nawaf ya girgiza kai.

"Faɗa take yi. Wancan karon kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba."

"To a ba ni gurasa da shayi in ci yanzu, ai na ci abincin gidan."

"Naman akuya ya ce. Ka ji shi da kunnenka."

"Zai kai yaushe?"

"A yanka, a feɗe, a dafa... bayan azahar da awa ɗaya, in an yi sauri."

Na'ura ta ce sha ɗaya da minti talatin da huɗu. Kilomita tara, kuma yawancinsu gangara ne. Ko da ƙafa ɗaya yake tuƙi zai isa.

Tsoro ya kama Sabitu, tsoro na gaske. Ya ga kansa yana sauka a tashar Funtuwa da jaka ɗaya, ya ga fuskar Nuriyya tana ƙoƙarin yin murmushi, ya ga yaransa biyu da ke makarantar kwana an kwaso musu akwati. Wa zai ɗauki mai faci ɗan shekara hamsin da uku? Ya ce a ransa, shi ya aike shi ya rantse? Shi ya ɗaura musu auren? Ya ɗora ƙafa a kan feda.

Ba wanda ya riƙe shi. Abu Nawaf ya koma gefe ya tsaya, hannuwansa a sake, yana kallon ƙasa. Duk kurarin nan ya zube, sai wani ɗan tsoho da bakinsa ya ja masa, wanda kuma ba zai roƙa ba ko za a yanka shi. Daga cikin gida kuwa, inda aka ce a tafi a huta, Sabitu ya ji ana zuba ruwa a shinkafa ana wankewa da sauri-sauri.

Ya sauke ƙafar. Ya jingina keken a jikin katanga, ya cire hular kwano ya rataye a kai.

"Ina zan wanke hannu?" ya ce.

Aka shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin rumfar inabi. Ya zauna yana kallon lambobi suna canjawa a kan na'ura, har ladanin ƙauyen ya kira azahar. Ya amsa kiran kalma bayan kalma, idonsa ya ciko, ya ce ƙura ce. Suka yi salla su uku, tsohon ya ja su.

Suna sallamewa waya ta yi ƙara.

"Fen kai, ina kake, Baba Sabitu? Taya ce? Ka faɗi ne?"

"Na faɗi, Mudir, amma ba daga kan keke ba. Ina gidan wani bawan Allah. Ka ɗauki yaron nan mai bidiyo kawai, na yafe."

"Gidan wa? Na ce maka kada ka tsaya!"

Abu Nawaf ya ji ana ɗaga wa baƙonsa murya, ya fizge wayar. Tambaya biyu ya yi ya gane da wa yake magana.

"Au, kai ne shugaban marasa wandon? Ɗan gidan wa ne kai? Ku juyo yanzu ku zo ku ci abinci, ku huɗun! In ba ku zo ba, matata..."

Nawaf ya yi tsalle ya toshe masa baki da tafin hannu. Suna cikin kokawa, wani hannu mai lalle ya fito ta bayan labulen ƙofa, a buɗe. Nawaf ya ɗora wayar a kai, hannun ya koma. Ba wanda ya ji abin da Khalida ta faɗa, don a hankali ta yi maganar, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Hannun ya sake fitowa ya miƙo waya a kashe.

Bayan minti arba'in sai ga su. Tun daga kwana suka sauka suna turo kekuna, kowa ya ɗaura abin da ya samu a ƙugu, biyu da rawani, ɗaya da tawul, Marwan da ƙyallen rufe gilashin mota. Suka yi layi suka sumbaci kan tsohon ɗaya bayan ɗaya. Sabitu ya kawar da kai, don in ya yi dariya a yau ya san har abada ba za a yafe masa ba.

Aka kawo faranti wanda sai da mutum biyu suka ɗauko. Salig ne, shinkafar da aka dafa da madara da romo har ta yi luguf, ɗan akuyan kwance a kai, man shanu na bin gefe. Abu Nawaf ya zaunar da Sabitu a damansa. Sai da aka yi nisa da ci ya share baki ya yi sanarwa. Daga itacen ɓaure zuwa tsohuwar rijiya, hanyar nan ƙasar kakansa ce, shi ya bar wa jama'a su bi. Daga yau ba mai keken da zai ratsa ta bai zauna ya ci abinci ba.

Marwan ya ajiye lomar da ya ɗauko. Babu wata hanyar, dutse ne ta kowane gefe. Ya fara bayani cikin ladabi, cewa mutum goma sha biyu ne duk Asabar, hawa suka zo yi, in suka zauna awa uku a nan tafiyar ta lalace. Tsohon ya ce to ta lalace mana. Yatsansa ya fara tashi sama, Nawaf ya kama shi ya mayar cikin shinkafa.

Muryar Khalida ta fito daga bayan labule.

"Ni ba zan dafa wa mutum goma sha biyu duk mako ba, ban haukace ba. Su sauka su yi sallama su wuce. Su bar mana mutum ɗaya ya ci a madadinsu, tsohon nan ya samu wanda zai cika wa kunne. Kuma ba kowa ba. Wancan mai cikakken wandon."

Abu Nawaf ya yi tunani, ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Aka ci gaba da ci. Marwan ya daɗe yana murza shinkafa a hannu bai kai baki ba. Can ya matso kusa da Sabitu, ya koma Hausa don kada a ji.

"Ka faɗi jarrabawa, Baba Sabitu."

"Na sani, Mudir."

"Kilomita ashirin da tara a awa huɗu. Kakata, Allah ya jiƙanta, za ta fi ka."

"Haka ne."

"Kuma ka cika mini jakar kayan aiki da ruwan inabi." Ya kalli farantin. "Gobe in za ka zo shago, ka taho da fasfonka."

Sabitu ya buɗe baki zai yi godiya, murya ta ƙi fita. Fiye da wata guda yana jiran wannan magana, ga ta ta zo. Abu Nawaf ya waiwayo ya ga bakin baƙonsa a buɗe babu komai a ciki, ransa ya ɓaci. Ya yago tsoka daga kafaɗar akuyan ya tura gabansa.

"Ci, ya Hajji. Tun ɗazu surutu kake yi."

Sabitu ya ɗauka ya ci.